Ƙaiƙayin Bayan Fitowa Daga Kanal: Gargaɗin Da Bai Kamata Kura Ta Raina Ba

Masu iyo a gaɓar tekun Filorida ta Amurka da tsibiran Karebiyan sun san wani ƙaiƙayi da kan taso musu bayan wanka, inda 'ya'yan wata halittar teku ke maƙalewa tsakanin tufa da fata suna harbi, ƙuraje su feso, su baje cikin mako ɗaya ko biyu. Ƙasar Kano ba ta da teku, amma tana da kanal. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ke gudu rani da damina ta Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, kuma mai dashen shinkafa da yaron da ya yi kurme da tsakar rana sun san susar da kan biyo bayan fitowa. Namu ƙaiƙayin ya fi na teku haɗari, domin sau da yawa shi ne sallamar tsargiya.

Ga yadda abin yake. Mai tsargiya ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwayayen tsutsar da ke jawo cutar su ƙyanƙyashe, su shiga jikin ƙananan dodon koɗi da ke manne da ciyawar gefen kanal. Bayan 'yan makonni dodon koɗin ya riƙa sako dubban 'yan tsutsotsi masu wutsiya da ido ba ya gani, kuma sun fi fitowa lokacin da rana ta take, daidai sa'ar da yara ke faɗawa ruwa. Cikin mintuna suke huda lafiyayyar fata, ba sa buƙatar rauni. Wannan hudar ce ke kawo ƙaiƙayi da jajayen ƙuraje. Daga nan su bi jini, su girma, su sauka a jijiyoyin mafitsara ko na hanji, bayan wata biyu zuwa uku a ga jini a ƙarshen fitsari. Likita Bajamushe Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. Idan ta shekara ba magani, takan jawo ƙarancin jini, ta lalata ƙoda da hanta, ta kai ga sankarar mafitsara, ga mata kuma ta raunata mahaifa.

Wani zai ce ai ba kowace susa ce tsargiya ba, kuma gaskiyarsa. Akwai irin tsutsar da ta tsuntsayen ruwa ce, wadda kan mutu a cikin fatar mutum ba ta wuce nan ba, har ma ƙaiƙayinta ya fi tsanani. Sai dai manomi ba shi da yadda zai bambance su a bakin gona, kuma dukansu daga dodon koɗi suke fitowa. Inda ɗaya ta samu wurin zama, an shimfiɗa wa ɗayar tabarma.

Wani kuma zai ce magani yana nan, ana raba praziquantel kyauta a makarantu. Maganin yana aiki, babu musu, amma tsutsar da ke jiki kawai yake kashewa, ba ya hana sabon kamu. Yaron da ya sha yau, gobe yana cikin kanal. Bugu da ƙari, almajiri da ɗan ƙwadagon da ya zo cin rani da matar da ke wanki a bakin ruwa ba sa cikin rajistar makarantar boko. Cewa mutane su daina shiga ruwa kuwa magana ce ta wanda bai taɓa dashe ba, don shinkafar Kura ba ta dasuwa daga kan kunya.

Saboda haka nake ganin wannan matsala ta masu kula da ruwa ce kamar yadda take ta ma'aikatar lafiya. Senegal ta shaida haka: an gama dam ɗin Diama a 1986, cikin 'yan shekaru tsargiyar hanji ta mamaye garin Richard-Toll mai noman rake. Dodon koɗi na son ruwa mai tafiyar hawainiya da ciyawa da laka, wato ainihin abin da ke hana ruwa isa gonakin ƙarshen layi. Yashe kanal, da cire kachala, da busar da ƙananan magudanai bi da bi, aiki ɗaya ne mai riba biyu. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su sa lissafin dodon koɗi cikin aikin gyaransu, ƙananan hukumomi kuma su samar da masai da rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan bakin kanal, yadda wanka da wanki za su bar can.

Kafin nan, ruwan kanal da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu ya zama lafiyayye ga wanka, domin tsutsar ba ta daɗewa haka ba tare da ta samu jiki ba. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo yana susa, ku sa ido kan fitsarinsa, kuma da an ga jini a kai shi asibiti a gwada.