Launin fim a gaban kyamara ake samunsa

Wanda ya kalli bidiyon biki ko gajeren fim da matasa suka ɗauka a Toranke da ƙauyukan Gaya zai ga abu ɗaya: shaddar da ido ya gani tana ɗaukar ido ta fito a koɗe, fuskar mai ita kuma ta yi duhu. Kyamara ake ɗora wa laifi, alhali matsalar ta haske ce da lokaci.

Masu aiki da zaren fim na silima sun san haka tun tuni. Zaren Kodachrome da kamfanin Kodak ya fitar a 1935 ya yi suna wajen kama launi, amma ba ya yafe kuskure: haske ya ɗan yi yawa, launi ya wanke, shi ya sa sukan rage hasken kaɗan don ja ya nuna sosai. A kan zare Adamu Halilu ya ɗauki fim ɗin Shaihu Umar a 1976. Daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 harkar fim ɗin Hausa ta koma bidiyo, ɗauka ta yi araha, awon haske ya ja baya. Ga shi yanayinmu na da nasa sharaɗi. Ƙurar hunturu tana watsa haske ta cika inuwa da fari-fari, baƙi ya kasa zama baƙi, komai ya dushe. Da rana tsaka kuwa, farar riga tana ruɗa ma'aunin kyamara, sai ta rage haske, ido da kumatu su nutse ƙarƙashin hula. A gwada ɗauka da hantsi ko bayan la'asar a watan Agusta, ruwa ya wanke ganyen gero, mace ta ratso gona da zanen baba: launi ya cika tun ba a taɓa komai ba.

Za a ce ai yanzu kwamfuta na gyara launi. Tana ƙara abin da ta tarar ne kawai. Inda riga ta ƙone fari fat babu abin da za a dawo da shi, kuma in aka matsa wa launi, fatar mutum ce ke fara yin ja kamar manja. Batun kuɗi ma ba hujja ba ne, domin farin kwali mai mayar da haske kan fuska da gilashin kashe ƙyalli a bakin kyamara ba su kai kuɗin hayar mota ba.

Masu ɗauka, ku duba rana da kayan jikin ɗan wasa kafin ku danna.