Ƙwan Lantarki Mai Kai Saƙo: Ina Amfaninsa Ga Mutanen Garwa?

Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Garwa neman ƙwan lantarki a 'yan shekarun nan ya san tsohon ƙwan nan mai zare a ciki, mai ƙona hannu in an taɓa shi, ya kusa ɓacewa. Farin ƙwan da ake kira LED ya kore shi. Shi ne a masallatan Hausare da Yalwa, shi ne a teburin mai shayi da na mai tsire, shi ne kuma a bayan wayar hannu ana haska hanya da shi. Dalilin karɓuwarsa ba ɓoyayye ba ne. Ba ya shan wuta da yawa, ƙaramin farantin sola da batir ɗaya sun isa su riƙe shi har asuba.

Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, masana a Turai da Japan sun samo wa wannan ƙwai aiki na biyu. Ban da haskaka ɗaki, ana iya sa shi ya riƙa kai saƙo, wato rubutu da murya da hoto har da majigi, daga intanet zuwa kwamfuta ko wayar da ke ƙarƙashinsa, ba igiya, ba kuma zangon rediyo irin wanda wifi ke bi. Sun raɗa wa abin suna Li-Fi. Masu jin Ingilishi suna faɗinsa kamar "laifai", amma mu da muka saba da bakin Faransanci gara mu ce lifi, yadda muke cewa wifi, kada wani ya zaci maganar laifi ake yi.

YADDA HASKE KE MAGANA

Aika saƙo ba da baki ba, ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Makaɗi yana matse kalangu a hammata ya sassauta, sauti ya hau ya sauka, wanda ya san taken nan da nan ya gane wa ake kira. To, ita kwamfuta sauti biyu kawai ta sani, 1 da 0. Duk wasiƙa ko hoton da mai karatu ya taɓa gani a waya, jerin waɗannan lambobi biyu ne. In aka shirya cewa ƙarin haske shi ne 1, raguwarsa kuma 0, ke nan fitila za ta iya kaɗa nata taken.

Tsohon ƙwai ba zai iya ba, domin sai zarensa ya yi zafi kafin ya ba da haske, sai kuma ya huce kafin ya mutu. Ƙwan LED ba shi da zare. Ana iya ƙara haskensa a rage sau miliyoyi a cikin daƙiƙa ɗaya. Idon ɗan Adam bai kai ga ganin wannan ƙyaftawa ba, shi dai yana ganin fitila tana ci lafiya lau. Amma akwai wani ɗan ƙaramin ido na lantarki da ake maƙala wa kwamfuta, shi ke kama ƙyaftawar ya mayar da ita lambobi. In kuma kwamfutar ce za ta mayar da amsa sama, sai ta yi amfani da wani irin haske da ido ba ya gani.

Gani ya kori ji. Mai karatu ya ɗauki rimot na talabijin, ya saita kansa ga kyamarar waya, ya danna kowane maɓalli. A wayoyi da yawa zai ga wani ɗan haske yana ƙyaftawa a jikin gilashin wayar, alhali da ido tsirara ba a ganin komai. Wannan ƙyaftawa ita ce ke gaya wa talabijin ya ƙara murya ko ya sauya tasha. Lifi wan rimot ne, sai dai ya fi shi sauri nesa ba kusa ba.

Dabarar kanta tsohuwa ce. A shekarar 1880 Alexander Graham Bell, mutumin da aka sani da ƙirƙiro tarho, shi da mataimakinsa Charles Sumner Tainter sun aika murya a kan hasken rana tsawon mita 213 a birnin Washinton na Amurka. Abin bai je ko'ina ba a lokacin, don da gajimare ya tare rana magana ta yanke. Sai a farkon shekarun 1990 masana uku 'yan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da LED mai shuɗin haske, wanda daga gare shi ne aka sami farin ƙwan da muke saye yau. An ba su lambar yabo ta Nobel a 2014. A Japan ɗin ne kuma, a Jami'ar Keio, aka fara gwada aika saƙo da farin ƙwan tun farkon shekarun 2000.

Wanda ya sa duniya ta juyo ta duba shi ne Farfesa Harald Haas, Bajamushe, wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Edinbura da ke Sikotilan. A watan Yuli na 2011 ya tsaya gaban taro da fitilar tebur, ya nuna majigin fure yana buɗewa, hoton kuma ta hasken fitilar yake zuwa. Da ya sa hannu ya tare hasken sai majigin ya tsaya cak, da ya janye hannun ya ci gaba. A nan sunan Li-Fi ya fito. A 2023 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE, wadda ke tsara ƙa'idojin wifi, ta fitar da ƙa'idar lifi mai lamba 802.11bb, mai gudun megabit 10 zuwa gigabit 9.6 a daƙiƙa. Abin mamaki, wannan ƙa'ida a kan hasken da ido ba ya gani aka gina ta, irin na rimot.

HASKE BA YA RATSA BANGO

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wifi bai san wannan magana ba. Yana ratsa bango lafiyayye ya fita titi, shi ya sa duk mai wifi a unguwa ya san wahalar samarin da ke zama a gindin katangarsa da waya a hannu, suna neman lambar sirri. Haske kuwa in an rufe ƙofa an saki labule, a ɗakin zai tsaya. Wanda ke waje ba shi da hanyar sauraro.

Wannan siffa ita ce ta jawo masu sirri. A 2021 rundunar sojan Amurka mai kula da Turai da Afirka ta ƙulla cinikin dala miliyan 4.2 da kamfanin pureLiFi, wanda Farfesa Haas yana cikin waɗanda suka kafa shi. Akwai kuma wuraren da ba a son yawan zangon rediyo, kamar cikin jirgin sama ko kusa da wasu na'urorin asibiti. A watan Oktoba na 2019 kamfanin Air France ya gwada lifi a jirgin da ya tashi daga Faris zuwa Tulus. Makarantar Kyle Academy a Sikotilan ita ma ta gwada shi a aji a 2018. Amfaninsa a aji shi ne, in ɗalibai 50 suka taru a kan wifi ɗaya kowa sai ya ji a jikinsa, amma in kowace fitila tana kai nata saƙo, an raba cunkoson ke nan. Fagen haske ya fi duk fagen zangon rediyo faɗi fiye da sau dubu.

Sai dai abin da ya zama ƙarfinsa shi ne rauninsa. Kowane ɗaki sai da tasa fitilar. Waya a aljihu ba ta samun komai. Dole kuma fitilar ta kasance a kunne, ko da an rage ta ƙwarai.

TO, MU FA A NAN AREWA?

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi lissafi, don labarin ƙasashen waje daɗin ji gare shi.

Da farko, lifi famfo ne, ba rijiya ba. Mitoci kaɗan ne aikinsa, daga rufin ɗaki zuwa tebur. Ruwan da zai zubo sai an kawo shi daga wani wuri. Intanet ɗin da muke samu a Garwa yana shigowa Kamaru ne ta manyan igiyoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a Duwala da Limbe da Kiribi, sa'an nan ya biyo zaren gilashi da aka binne a ƙasa fiye da kilomita 1,000 kafin ya iso bakin Binuwai. A cikin wannan zare ma haske ne ke gudu, wato saƙonmu ya daɗe yana tafiya a kan haske ba mu sani ba. In zaren ya tsinke a hanya, ko igiyar teku ta lalace kamar yadda ya faru ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da intanet ya yi rauni a Kamaru da ƙasashe da dama na yammacin Afirka, to ko da fitilun lifi ɗari ne a ɗaki, haske kawai za su bayar. Ba kuma lifi ne zai rage kuɗin da ake biya na intanet ba.

Sai maganar wuta, wadda ba sai an gaya wa mutumin Garwa ba. Jihohin arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, sun daɗe suna dogara ga madatsar ruwa ta Lagdo, wadda 'yan Sin suka gina tsakanin 1977 da 1982, mai ƙarfin megawat 72. Da ruwan tafkin ya ja baya a 2020 da 2021, an ga yadda aka riƙa raba wuta unguwa-unguwa daga Ngaundere har Marwa. Tela ya zauna, mai walda ya zauna, mai sayar da ƙanƙara ya yi asara. An ƙaddamar da tashoshin sola a Marwa da Gidar a 2023, masu megawat 30 a haɗe, sun kuma rage zafin abin. Amma darasin yana nan. Fitilar da za ta kai saƙo sai ta fara samun abin da za ta ci, saboda haka a wajenmu lifi ba shi da ma'ana sai an haɗa shi da sola da batir.

Hakan kuwa an gwada shi a Afirka. A 2017 wani kamfani na ƙasar Kwaddibuwa mai suna Lifi-Led, wanda Ange Frédérick Balma ya kafa, ya kai farantan sola da fitilun lifi ƙauyen Drongouiné da ke yammacin ƙasar, aka ba mutane haske da hanyar sadarwa a lokaci guda. A ganina wannan ya fi kusa da halinmu fiye da jirgin Air France.

Akwai kuma wani abu da masana na ƙasashen sanyi ba su cika tunawa da shi ba. Su a ɗaki suke rayuwa. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, wa ke zaman ɗaki? Mata suna tsakar gida, maigida yana zaure ko gindin darbejiya, ɗan kasuwa yana bakin rumfa. A fili hasken rana yana danne na fitila, nisan ma ya yi yawa. Don haka ban ga alamar lifi zai kori wifi ko wayar hannu daga gidajenmu ba, masu yin sa ma cewa suke yi abokin aikin wifi ne.

Inda zai iya yi mana rana shi ne wuraren da dole a zauna a ɗaki a ƙarƙashin fitila: ɗakin karatu na Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, da azuzuwan makarantun sakandare, da asibitoci, da ofisoshin da ke riƙe da sirrin kuɗin jama'a. A makaranta ba lallai ne ma a jira intanet ba. Ana iya tara littattafai da darussa, har da na Hausa da Fulatanci da Larabci, a cikin kwamfuta ɗaya a ofishin shugaban makaranta, fitilun aji su riƙa rarraba wa ɗalibai. Iyayen yara da ƙungiyoyinmu da ke tara kuɗi don sa wa makarantu sola, yana da kyau su san da wannan tun kafin a ja waya a rufi.

Sai a yi hattara da 'yan talla. Ƙwan LED da ake sayarwa a kasuwa ba ya kai saƙo don kansa. Sai an haɗa shi da wata na'ura mai sarrafa ƙyaftawar, an jawo masa igiyar intanet har rufin ɗaki, an kuma sami ɗan idon nan da ake soka wa kwamfuta, domin wayoyin da ke hannun jama'a ba su zo da shi ba. Duk wanda ya zo da ƙwai a kwali ya ce da an ɗaura shi intanet kyauta zai sauko, a tambaye shi ina igiyar, ina kuma idon.