Rangwame kan tsohuwar kwamfutar hannu: abin dubawa kafin a biya

Kafin araha ta ruɗi mai saye, ya fara tambayar shekarar da aka ƙera na'urar. iPad Air 2, alal misali, ta fito ne a 2014, kuma kamfanin Apple ya tsayar da ita a kan iPadOS 15. Ko ba ta da ƙwarzane, wasu sabbin manhajoji ba za su hau kanta ba. Ɗan kasuwa zai ji a jikinsa ranar da manhajar bankinsa ta ƙi buɗewa.

Batir ma yana tsufa, ko da a kwali yake. In ta hannu ce, a tabbatar mai ita na farko ya cire asusunsa na iCloud, don kada ta kulle. Wanda karatu da kallon bidiyo kaɗai yake nema kuwa, za ta ishe shi.