Spina bifida da raunin gaba ga maza

Spina bifida lalura ce da ake haihuwar jariri da ita, ƙashin bayansa bai gama haɗewa ba tun a makonni 4 na farkon ciki. Jijiyoyin da ke tayar da gaban namiji daga ƙasan laka suke fitowa, wurin da lalurar ta fi shafa. Shi ya sa da yawa idan sun balaga gaban ba ya miƙewa sosai, ko ya kwanta da wuri, wasu ma maniyyin mafitsara yake komawa. Galibi idan tsagar ƙashin bayan ta yi ƙasa, matsalar ta fi sauƙi.

Ƙwayar sildenafil, wadda aka sani da Viagra tun 1998, tana taimaka wa da dama. Sai dai likita ne zai rubuta ta, domin haɗa ta da maganin zuciya mai nitrate na saukar da jini ƙwarai. Da yawa daga masu spina bifida jikinsu ba ya jituwa da robar latex, sai a nemi kwaroron roba marar ita, a kuma zubar da fitsari kafin saduwa.

Kunya ce ke kai wasu wurin masu tallan maganin ƙarfin maza a tasha. A je wa likitan mafitsara.