Mota ba ta yi nisa ba, amma kuloci yana zamewa

Mai motar gudu irin Nissan 370Z ko Mazda MX-5 ko Porsche Boxster yakan yi mamaki idan makanike ya ce masa kuloci ne. Abin da yakan fara faɗa shi ne motar ko kilomita 30,000 ba ta cika ba. Gaskiyarsa, sai dai lissafin kilomita nisan tafiya yake ƙirgawa, ba ya ƙirga sau nawa ƙafa ta taka kuloci ko yadda ta sake shi. Motar da ta yi doguwar tafiya a giya shida ba ta taɓa kulocinta ba, wadda kuwa ta wuni cikin cunkoso ta sha shi.

Tsakanin inji da giyabos akwai ƙarfe mai nauyi da inji ke juyawa, filawil. Kuloci fileti yana manne da shi, firesha fileti kuma yana danne su biyun da ƙarfin sifirin. Muddin dannewar ta fi ƙarfin juyin inji, tare suke juyawa. Zamewa na nufin ɗayan abu uku ya faru: dannewar ta ragu, ko fuskar filetin ta yi santsi, ko ƙarfin inji ya wuce abin da aka ƙera kulocin ya ɗauka.

A fara tabbatar da cewa zamewar ce. A miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, bayan inji ya ɗau zafi, a sa giya huɗu ko biyar ana tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a awa, sai a take totur har ƙasa. Idan allurar juyin inji ta yi tsalle, ƙara ta tashi, maleji kuwa bai bi ta ba, kuloci ya zame. A babbar giya abin yake fara bayyana, domin a nan inji ke daɗewa yana ja da dukan ƙarfinsa. A giya ɗaya da biyu taya ce takan riga kuloci sakin ƙasa, kuma fitilar na'urar hana santsi za ta riƙa ƙyaftawa. Akwai gwajin da 'yan gareji suka fi so: a ja hambirki, a sa giya uku, a saki kuloci a hankali. Lafiyayye zai kashe inji nan take. Ban cika son wannan ba, don shi kansa cin fileti yake yi. In za a yi, sau ɗaya ya isa.

To, an tabbatar. Kada a yi gaggawar sauke giyabos, domin a sabuwar mota laifin sau da yawa yana waje. Kulocin waɗannan motoci da man birki yake aiki. A cikin masta ta sama, wadda fedar kuloci ke turawa, akwai ƙaramar kafa da mai ke komawa tanki ta cikinta idan an ɗaga ƙafa. Idan an ƙara wa sandar feda tsawo fiye da kima, ko tabarmar ƙasa ta hana fedar dawowa sarai, kafar nan sai ta kasance a rufe. Mai ya yi zafi, ya kumbura, ya rasa hanyar komawa, sai ya riƙa tura boris ɗin da ke sakin kuloci kamar direba ya ɗora ƙafa. Alamarsa ita ce mota lafiya lau da safe, zamewa sai bayan an yi tafiya. Makanike zai kwance noti na fitar da iska lokacin da abin ke faruwa. Idan mai ya yi feshi kuma zamewar ta ɓace, an kama ɓarawo. Tiyon da ya ruɓe ta ciki ma yana yin haka. Iska a cikin layi kuwa, wadda ake yawan ɗora wa laifi, ba ta sa zamewa. Giya take hanawa shiga.

Daga nan a ɗaga motar a duba ƙasan mahaɗar inji da giyabos. Danshi a wurin labari ne. Baƙin mai yana nuna oyil sil na bayan inji, wanda ya yi ƙaurin suna a Boxster na farko da 911 samfurin 996. Mai kauri mai warin kibiritu na giyabos ne. Idan man birki ne kuma tankinsa yana raguwa, a 370Z sai a zargi masta ta ƙasa mai tura boris, wadda Nissan ta sa a cikin gidan kuloci, kusa da filetin. Motar da ake ajiyewa wata da watanni ba a tayarwa ta fi saurin bushewar roba, saboda haka ƙarancin tafiya a nan ba kariya ba ne. Fileti da ya sha mai ba ya wankuwa.

Saura tambayoyi biyu da mai mota ba ya son ji. Shin an taɓa kwamfutar injin don ƙara masa ƙarfi, musamman mai turbo? Kuma wa ya riƙe motar kafin shi? Figa daga tsaye da inji yana kururuwa, ko tsayar da mota a hawa da rabin kuloci, yana ƙona fuskar fileti ta koma sumul tana ƙyalli alhali kaurinta yana nan. A motocin da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas, lissafin kilomitan kansa abin tuhuma ne. Robar feda da ta siɗe ta fi shi gaskiya.

Sai bayan duk wannan ake sauke giyabos. Littattafan gyara na kamfanonin Japan da dama sun sa iyakar ci a milimita 0.3 tsakanin fuskar fileti da kan ƙusoshinsa. Idan da sauran nama sosai, ba tsufa ba ne, a nemi sanadi. A duba shuɗin tabon zafi a filawil, a canja fileti da firesha fileti da boris tare, da oyil sil tunda an riga an buɗe. Sabon kuloci yana son tuƙin lallami na kamar kilomita 800 kafin a matsa masa.

Duk makaniken da ya ce a sayo fileti bai faɗi abin da ya kashe tsohon ba, a ce ya nuna sanadin tukuna kafin a ba shi kuɗin kaya.