Makaɗan Gidajen Tsofaffi: Sana'ar da Tsufa ya Samar

A Birtaniya da Amurka akwai makaɗa da mawaƙa da dama da yanzu abincinsu ya rataya ga gidajen kula da tsofaffi. Mutum zai ɗauki jitarsa da 'yar lasifika, ya shiga wani gida da hantsi, wani bayan azahar, ya yi wasan minti 45 zuwa awa ɗaya a kowanne, kafin magariba yana gidansa. Abin ya daɗe. Ƙungiyar Music in Hospitals & Care tana aiki a Birtaniya tun 1948, kuma a 1977 shahararren mai gogen Turawa, Yehudi Menuhin, da Ian Stoutzker suka kafa Live Music Now, wadda ke biyan matasan makaɗa su yi wasa a irin waɗannan gidaje. Sabon abin shi ne yadda aikin da ake ɗauka taimako ya koma sana'ar ciyar da iyali.

Matsin da ke kan makaɗa shi ya fara tura su. Faifai ya daina kawo kuɗi, abin da Spotify ke biya kuwa a kan sauraro ɗaya bai kai santi ɗaya na dalar Amurka ba. Ƙananan wuraren wasa, inda makaɗin da bai yi suna ba ke samun na cefane, suna ta rufewa: ƙungiyar Music Venue Trust ta ce a 2023 kaɗai Birtaniya ta rasa 125.

Su ma gidajen suna da tasu buƙatar. Amurka na da gidajen jinyar tsofaffi kusan 15,000, kuma tun dokar gyara ta 1987 wajibi ne kowanne ya tsara wa mazaunansa abubuwan ɗebe kewa. Ga kuma cutar mantuwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kama mutum fiye da miliyan 55. An lura cewa waƙar ƙuruciya tana daga cikin abubuwan da ke jimawa a ƙwaƙwalwa bayan sunaye da fuskoki sun gushe. Fim ɗin Alive Inside na 2014 ya yaɗa wannan magana sosai, haka ma wasan da mawaƙi Tony Bennett ya yi da Lady Gaga a 2021, shekaru biyar bayan likitoci sun tabbatar yana da cutar. Daga nan iyalai suka fara tambayar ko akwai kiɗa a gidan kafin su kai iyayensu.

Aikin kansa ya fi yadda ake zato wuya. Mai sauraro na iya yin barci a kan kekensa, ma'aikaciyar jinya ta shigo da magani ana tsakiyar waƙa, wata tsohuwa ta nemi a maimaita waƙa ɗaya sau uku domin ta manta an yi ta. Wani ya yi makonni bai ce uffan ba, sai a ga leɓensa na bin amshi. Dole makaɗi ya rage sauti, ya sassauta gudu, ya riƙe sunayen mutane, ya gane lokacin da hawaye ke nufin ya ci gaba da lokacin da yake nufin ya sauya waƙa. Kundinsa ma yana sauyawa da zamani. A da Frank Sinatra da Vera Lynn ake nema. Yanzu waɗanda aka haifa bayan 1946 sun fara shigowa, su kuwa Elvis da Beatles suka tashi da su.

Ribar a bayyane take: aikin rana ne, babu hayaniyar mashaya, kuma gidan da ya ji daɗin mutum zai riƙa kiransa wata-wata. Sai dai a ganina an gina sana'ar a kan ƙasa mai laushi. Kuɗin makaɗi daga asusun nishaɗi yake fitowa, wanda ƙarami ne kuma shi ake fara taɓawa idan albashin ma'aikata da kuɗin wuta suka hau. Babu liƙi, babu ubangida. Abin da aka yi ciniki shi ke nan, daga ciki zai cire kuɗin mai da inshora. Mai zaman kansa ne, ba shi da hutun ciwo ko fansho daga gidan. Annobar korona ta tona wannan asiri: a watan Maris na 2020 aka hana baƙi shiga gidajen, aikin ya tsaya cik, wasu suka koma wasa a bakin taga ko ta Zoom. Akwai kuma nauyin da ba a biya, na komawa gidan tsofaffin bayan wata guda a tarar da kujerar wanda aka saba da shi babu kowa.

Batun amfani ga tsofaffin ma yana son a yi hattara. Bitar binciken da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2018 ta nuna kiɗa na iya rage alamun baƙin ciki ga masu cutar mantuwa, amma ba ta ga yana dawo da tunani ba. Kuma makaɗin nishaɗi daban yake da ƙwararren mai jinya da kiɗa, wanda a Birtaniya sai ya yi karatu ya yi rajista.

Abokin takarar makaɗin a yau shi ne na'urar saurare. Ƙungiyar Playlist for Life, da Sally Magnusson ta kafa a Scotland a 2013, tana koya wa iyalai da ma'aikata su haɗa wa kowane tsoho waƙoƙin da ya sani, ya saurara duk lokacin da ya so. Manajan da kasafinsa ya matse zai auna wannan da kuɗin makaɗi na awa ɗaya kafin ya sa hannu a jadawalin wata mai zuwa.