BABI NA UKU: Aikin Hannu na "Girgije" ga Yara 'Yan Shekara Biyu Zuwa Uku

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan matsayin littafi mai hotuna wajen tarbiyyar yaran da ba su isa shiga firamare ba. A wannan babi kuwa za a ɗauki littafi guda ɗaya, a nuna yadda malama za ta fitar da aikin hannu mai sauƙi daga cikinsa domin koyar da yanayin sama. Za a dubi littafin, da kayan aiki, da matakan gudanarwa, sannan a kawo amfanin aikin da abubuwan lura.

3.1 Littafin da Aka Zaɓa

Littafin shi ne It Looked Like Spilt Milk, wanda wani mai zane ɗan Amurka, Charles G. Shaw, ya wallafa a shekarar 1947. Ma'anar sunan ita ce abin ya yi kama da madarar da ta zube. Launi biyu kawai aka yi amfani da su a cikinsa, wato shuɗi da fari. A kowane shafi akwai wata farar siffa a kan shuɗi, wani lokaci ta yi kama da zomo, wani lokaci tsuntsu ko itaciya ko tunkiya, amma a ce ba ita ba ce. Sai a shafin ƙarshe ake bayyana cewa ashe girgije ne a sararin sama.

Dalili biyu suka sa aka zaɓi wannan littafi. Na farko, tsarinsa irin na kacici-kacici ne, wanda yaron Bahaushe ya saba ji a bakin yayyensa da dare. Na biyu, hotunansa ba su dogara da rubutu ba, saboda haka malama na iya ba da labarin da Hausa. Sai dai akwai siffofin da baƙi ne ga yaranmu, alal misali safar hannu ta ƙasashen sanyi da waina irin ta bikin ranar haihuwa. Irin waɗannan shafuka ana iya tsallake su ba tare da labarin ya gurgunce ba.

3.2 Kayan Aiki

Ana bukatar shuɗiyar takarda mai ɗan kauri. Idan babu, sai a jiƙa bula irin ta wanki a shafa wa farar takarda, a shanya ta tun kwana ɗaya kafin ranar aiki. Ana kuma bukatar farin fenti na ruwa, ko a daka alli a dama shi da sitacin rogo har ya yi kaurin kunu. Sauran kayan su ne auduga wadda aka cire wa gurya, da garin gawayi kaɗan, da ƙaramin cokali, da tsumman goge hannu.

3.3 Matakan Gudanarwa

(i) Malama ta zaunar da yaran a tabarma, kada su wuce biyar ko shida, ta buɗa littafin tana tambayarsu abin da suka gani kafin ta juya shafi.

(ii) A fita da su tsakar gida su ɗaga kai su dubi sama, su nuna girgije da yatsa. Tilas a juya musu baya ga rana.

(iii) A ba kowane yaro takarda da aka riga aka ninke gida biyu aka buɗe. Yaron ya ɗebi farin da cokali ya zuba a tsakiya.

(iv) Ya rufe takardar, ya daddanna da tafin hannu, sannan ya buɗe. Farin zai bazu, gefen dama ya yi daidai da na hagu.

(v) Malama ta tambaye shi da me ya yi kama, ta rubuta amsarsa a ƙasan takardar yadda ya faɗa, ko da cewa ya yi akuyar kakarsa ce.

(vi) Washegari a manna auduga a kan siffar, a shafa mata garin gawayi daga ƙasa. Farin girgije ya zama hadari ke nan.

3.4 Amfanin Aikin

Masanin halayyar yara Jean Piaget ya nuna cewa daga wajen shekara biyu yaro ke fara ɗaukar wani abu a matsayin wakilin wani, kamar ya hau kara ya ce doki ne. Wannan baiwa ce ake motsawa a mataki na biyar. Don haka bai kamata malama ta gyara amsar yaro ba, domin manufar ita ce ya siffanta, ba ya cinka daidai ba.

Haka kuma aikin yana buɗe ƙofar kalmomi. Hausa na da wadata a wannan fage: girgije da gajimare da hadari da walƙiya da cida da yayyafi da marka da bakan gizo. Yaron ƙauye yana tsintar su a bakin manoma, amma wanda ya tashi a birni, yana yini a ɗaki, yakan girma bai san bambancin yayyafi da marka ba. Daɗin daɗawa, riƙon cokali da tsinkar auduga suna ƙarfafa yatsu uku da yaro zai riƙa fensir da su nan gaba.

3.5 Abubuwan Lura

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki a ƙasar Hausa shi ne damina, wato daga watan Yuni zuwa Satumba, sa'ad da gizagizai ke fitowa sarai. Da hunturu ƙura ke rufe sama, mataki na biyu ba zai yiwu ba. Bayan wannan, yaro mai waɗannan shekaru yakan kai komai baki, ko ya cusa auduga a hanci, saboda haka kada a kawar da ido daga kansa, kuma kada a yi amfani da fentin mai. Kada aikin ya wuce minti 10 zuwa 15 a zama ɗaya.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an nuna yadda littafi guda da kayan da ba su fi ƙarfin ƙaramar makaranta ba za su haɗa sauraro da kallo da taɓawa da magana a darasi ɗaya. Babi na huɗu zai dubi hanyoyin da malama za ta bi ta auna abin da yaran suka ƙaru da shi.